Gurbi Ɗaya a Shekarar Kwalara

Mika'ilu Gwadabe taubashina ne, ɗan Gwaggo Uwaliya ƙanwar mahaifina, don haka bawana ne, kuma ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma a duk Likoro ba a haifi mai jan ƙafa kamarsa ba. In ka ajiye masa tuwo, sai ya tsaya nazarin ko yunwar da yake ji ta gaske ce.

Gidansu gidan malamai ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi littattafai a zauren mahaifinsa, sannan boko ya ɗauke shi har ya yi digiri biyu, aka ba shi aikin duba makarantun firamare na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Abu ɗaya ya rage masa a rai, shi ne digiri na uku, na dakta, a ilimin halayyar ɗan Adam, wato nazarin abin da ke sa mutum ya aikata abin da yake aikatawa. Ni da nake duba-gari a Ikara na sha gaya masa cewa ni ma wannan karatun nake yi, tunda kullum ina nazarin abin da ke sa mata su ɓoye randa da zarar sun hango hulata.

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, wannan fanni ba shi da masoya. Kowa likita yake son zama, ko lauya, ko di'o. Gurbi uku sashen yake da shi a jami'a kowace shekara, kuma sai an yi lallashi ake cika biyu. Har aike shugaban sashen ya yi wa Mika'ilu, ya ce ya zo kawai ya zauna. Bawan nawa ya ce sai baɗi, mahaifinsa ba shi da lafiya. Baɗi ta zo, ya ce yana ginin ɗaki. Wata ta zo, ya ce yaƙi ake yi, hankali ba a kwance yake ba. Sai da ma'aikatarsu ta gaya masa cewa bana ce shekarar ƙarshe da za ta iya sakinsa ya tafi karatu, saboda shekarunsa sun ja, sannan ya miƙe ya nemi gurbin.

To, a wannan shekarar ce kwalara ta shigo. Ba mu kaɗai ta kama ba, an ce daga ƙasashen gabas ta taso tana bin duniya gari-gari. Samarin da suka samu karatu a ƙasashen waje aka dakatar da tafiyarsu, duk suka juyo suka yi wa jami'ar gida caa. Gwamnati kuma ta juya hankalinta kan annoba, sai gurbi uku ya koma ɗaya. Wurin da a da ake roƙon mutum ya shiga, yanzu ya zama kamar bakin famfo a bazara.

Ranar da na kai masa wannan labari a Makarfi, na same shi a tsakiyar littattafai masu kauri, yana shirya abin da zai gaya wa masu tantancewa. Wai zai auna basirar yaran firamare da irin gwajin da Turawa suka tsara.

Na ce, "Bawana, da ana binka da shi a faranti ka ƙi. Yanzu sai ka yi kokawa da 'yan kwat."

Ya ce, "Jumare, in ba ka da abin faɗi na alheri, ga ƙofa can."

Na ce ina da shi. An rufe makarantu, an ce duk ma'aikacin ilimi ya fito ya taimaka a sansanin marasa lafiya, kuma sunansa na cikin waɗanda aka tura Nasarawan Doya tare da ni. Ya dubi littattafansa kamar zai yi kuka. Wallahi na tausaya masa, amma ban nuna ba.

Makarantar firamaren garin aka mayar sansani. Aka fitar da bencina, aka shimfiɗa tabarmi, aka rataye robobin ƙarin ruwa a jikin tagogi, aka kewaye wurin da zana. Ba zan tsaya ba da labarin abin da idona ya gani ba. Cuta ce mai zuƙe mutum tsakanin safe da yamma, wanda aka kawo da wuri ya tashi, wanda aka yi jinkiri sai dai haƙuri. Mu duba-gari aikinmu rijiyoyi da masai, da kuma hana mutane shiga gidajen juna, don umarnin da aka bayar ke nan, kuma umarni ne mai kyau. Shi kuwa Mika'ilu aka zaunar da shi a bakin ƙofa, yana tambayar duk wanda ya zo daga ina yake, yaushe abin ya fara, kuma ko akwai wani maras lafiya a gida.

Bai daɗe a wurin ba na lura ya fara wannan zurun nasa. Wata rana da hantsi wata mata mai suna Ummulhairi ta shigo a guje da 'yar autarta a goye, yarinyar amai ɗaya kawai ta yi. Aka karɓe ta, aka sa mata ruwa. Mika'ilu ya gaishe da matar, ya yi mata sannu, sannan ya yi tambayar da ya saba.

"Baiwar Allah, akwai wani maras lafiya a gida?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai alheri, Malam."

Ya kamata ta wuce wurin 'yarta, amma ba ta wuce ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Ya sake tambaya, ta sake cewa sai alheri, hawaye kuwa na zuba. Ni na ɗauka tsoron halin da yarinyar ke ciki ne. Shi ya miƙe ya ce mini, "Taso mu je gidanta."

A ɗakin da ke kusa da zaure muka same shi, saurayi ɗan shekara goma sha biyar ko fi, idanu sun faɗa, baki ya bushe, ko sallamarmu bai iya amsawa ba. A bakin ƙofa ga ƙwaryar ruwa, ga koko, ga tsumma an wanke an shanya, duk alamar wani yana hidimarsa a ɓoye. Sunansa Muhammadu Auwalu, ɗan farin Ummulhairi. Mijinta yana fatauci a kudu. Muka ɗora yaron a amalanke muka ruga da shi, da kyar malamin asibiti ya samu jijiya.

Na fusata ƙwarai. Na ce, "Wace irin uwa ce wannan? Ta kawo mai amai ɗaya a guje, ta bar wanda ke bakin mutuwa!"

Mika'ilu ya ce, "Ka san dalili, Jumare, a gari irin wannan aka haife ka. Ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta tsaya gaban baƙon namiji ta ce ɗanta na fari yana zawo. Tun da na zauna a ƙofar nan nake lura. Ƙananan yara iyayensu mata ke kawo su, da wuri. Waɗanda ake kawowa a makare kuwa, in na tambaya, yawancinsu 'ya'yan fari ne."

Na ce ai da can ma ana ciwo a ƙauye, kuma 'ya'yan fari ba su ƙare ba.

Ya ce, "Da can akwai mai gani. Kaka ta shigo, ko gwaggo, ko maƙwabciya ta zo aron rariya, ta leƙa ta ce, haba, kin bar yaron nan a kwance? Ta yi faɗa, ta tara mutane, uwar tana gefe kamar ba ruwanta, alhali abin da take jira ke nan. Yanzu an hana shiga gidaje. Mai ganin ba ta zuwa."

Na ce to abu mai sauƙi, a sa sankira ya zaga gari ya ce daga yau an soke kunya har annoba ta wuce. Ya yi mini wani kallo, irin wanda ake yi wa wanda ya ce a soke damina. Ya ce kunyar da mace ta tashi da ita tun tana yarinya ba ta fita da shela, in ma aka matsa mata sai ta ƙara rufewa. Ya ce a bar kunyar inda take, a dawo da mai gani.

Muka je wurin dagaci, Mika'ilu ya durƙusa ya yi gaisuwa har na ƙosa, sannan ya faɗi shawararsa. Kowace safiya da kowace la'asar, kowace mace ta tsaya a bayan katangarta ko dangarta, ba tare da ta shiga ba, ta kira ɗan farin maƙwabciyarta da sunansa. In lafiyarsa ƙalau, shi da bakinsa zai amsa. In jariri ne, a ɗaga shi ta gani. In ta kira ta ji shiru, kada ta tambayi uwar komai, ta aika wa mai unguwa kawai. Uwa ba ta faɗi suna ba, ba ta yi ƙara ba, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Dagaci ya ce, "Ni ma nawa na farin yana Kudan, rabon da in ji labarinsa tun farkon abin nan, kuma ban tambaya ba. Malam, a yi haka."

Washegari da safe sai ka ji garin ya ɗauka. "Auwalu! Kana nan?" "Ina nan, Inna Madina!" "Sakinatu! Ban ji motsinki ba!" Wani gida a amsa, wani gida shiru, inda aka ji shiru kuwa kafin rana ta ɗaga amalanke ya isa. 'Ya'yan fari suka fara zuwa sansani da sauran ƙarfinsu, wasu ma da ƙafarsu. Mutanen Paki suka ji suka ɗauka, na Likoro ma haka. Muhammadu Auwalu ya tashi, ya rame kamar kara, amma ya tashi. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a rayuwata kamar wannan ba.

Sai dai littattafan Mika'ilu suna can Makarfi ƙura ta rufe su, ranar tantancewa kuwa ta zo. Na goya shi a babur ɗina muka nufi jami'a, yana baya yana ta maimaita sunayen Turawa masu gwajin basira, yana mantawa.

Muka isa. Barandar sashen cike take, an jera kujeru nesa da juna saboda annoba, har sun gangara ƙarƙashin bishiyoyi. Kowa da kwat da jakar hannu, Turanci na tashi kamar a rediyo. Na kusa da mu wani saurayi ne daga Kaduna mai suna Zainulabidin, wanda ya samu gurbi a Ingila aka dakatar da tafiyarsa. Yaro mai ladabi, ya gaishe mu da kyau, amma da ya fara bayanin abin da ya karanta sai na ga bawana yana ƙanƙancewa a cikin rigarsa.

Ya raɗa mini, "Jumare, tashi mu tafi. Ba wurina ba ne."

Na ce, "Makullin babur yana aljihuna. In za ka tafi, ga hanya, Makarfi ba ta gudu ba."

An bar tagogin ɗakin tantancewa a buɗe don iska. Ni kuwa duba-gari ne, leƙe aikina ne, sai na zagaya baya na zauna a gindin taga kamar mai hutawa. Turancina bai kai nasu ba, amma ya isa in gane cewa duk wanda ya shiga, gwajin basirar yara yake kawowa, ko wani abu mai kama da shi. Na dawo na gaya wa Mika'ilu cewa hajar da ya ɗauko ta cika kasuwa, kuma ta wasu ta fi tasa kyau. Na kuma gaya masa cewa cikin masu tambaya akwai Dakta Tukur.

Nan ne ya yi gumi. Dakta Tukur malaminsa ne tun a kwaleji, dattijo mai zafi, wanda ya yi karatu a Turai. A gidan su Mika'ilu kuwa ɗalibi ba ya musu da malaminsa. Ko malam ya karanta baƙi ba daidai ba, sai dai ka yi tari kaɗan, in bai gyara ba ka ce haka ne. Da wannan tarbiyya aka raine shi, ban taɓa jin ya ce wa babba a'a ba.

Aka kira shi, na koma gindin taga. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya zo da batun gwajin basira, amma yana neman izini ya ajiye shi ya faɗi wani. Ya ba su labarin Nasarawan Doya daga ƙofar sansani har zuwa kiran katanga. Ya ce abin da yake son ya nazarta shi ne yadda mutanenmu ke damƙa ƙaunar ɗan fari a hannun wasu su riƙe musu, da abin da ke faruwa idan masu riƙon suka gushe, ko saboda annoba, ko saboda an koma birni inda maƙwabci baƙo ne. Shugaban sashen ya tambaye shi yadda zai auna wannan. Ya ce zai kwatanta garuruwan da suka ɗauki kiran katanga da waɗanda ba su ɗauka ba, a ga a wane hali 'ya'yan fari suka riƙa isa sansani a kowanne.

Sai Dakta Tukur ya yi gyaran murya, ya bar Turanci ya dawo Hausa, alamar ransa ya ɓaci.

"Mika'ilu, wannan abin da kake yi wa ado, masana sun daɗe da ba shi suna. Uwar da ba ta kiran ɗanta, ba ta rungumarsa, ba ta kai shi asibiti, ta yi watsi da shi ne. Tsohuwar al'ada ce mai cutarwa, boko zai kashe ta nan ba da daɗewa ba. Ga yara cike da baranda da ilimin zamani, kai kuma kana so mu ba ka gurbin nan ɗaya tilo ka je ka zauna a bayan katanga. Watsi ne, ba ƙauna ba. Ko ba haka na koya maka ba?"

Na san abin da ke kan harshen bawana, na sha jin sa: haka ne, Malam. In ya faɗa, shi ke nan, mu hau babur mu koma, ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga bencina. Na damƙe ciyawar da ke gabana har na tuge ta. Sai na ji ya yi ɗan tarin nan na gidansu. Dakta Tukur bai gyara ba.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Mika'ilu, "haka ka koya mini. Amma ba haka ba ne."

Na kusa faɗawa cikin tagar. Ya ci gaba, muryar tana ƙara ƙarfi. Ya ce duk kwanakin da Muhammadu Auwalu ya yi a kwance, uwarsa ba ta leƙa inda yake ba ko sau ɗaya. An sallami 'yar autarta, amma kullum tana bayan zanan sansani, daidai saitin tabarmarsa, wai tana neman itace, a filin ƙwallon makaranta inda ko kara babu. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Ranar da yaron ya tashi zaune ya nemi koko, ta ji muryarsa ta cikin zana, sai ta ɗauki igiyarta ba itace ko ɗaya ta tafi gida.

Ya ce, "Malam, wanda ya yi watsi da abu ba ya tsayuwa a rana dominsa. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa kwana ina shakkar tana sona ba. Masanan da suka ba abin suna ba su zo Likoro ba. In ba mu rubuta namu ba, haka za a yi ta karanta mu a karkace, kuma in wata annoba ta zo, a sake rasa yara a kan tambayar da ba a iya yi ba."

Dakta Tukur ya ce, "Ka gama?" Ya ce ya gama. Aka sallame shi.

Ya fito jiƙe da gumi ya zauna kusa da ni, ya ce ya yi wa malaminsa rashin kunya, ya kashe kansa. Na ce in ma mutuwar ce, yau dai ya mutu a tsaye. Muka zauna har aka gama da kowa, rana ta yi sanyi. Can sai ga Dakta Tukur da kansa ya fito baranda, hannu a baya, fuska a murtuke. Kowa ya miƙe. Ya yi wa jama'a godiya da Turanci, ya ce da akwai gurbi goma da an cika su da mutanen kirki, amma ɗaya ne. Sannan ya waiwayo inda muke.

"Mika'ilu Gwadabe. Har yanzu ban yarda da kai ba. An ba ka shekara uku ka nuna mini."

Na yi wani ihu da ya sa masinja ya leƙo. Zainulabidin ya matso, da yake an hana musabaha sai ya ɗaga hannu ya jinjina masa, ya ce in ana neman mai taya aiki a bayan katanga a tuna da shi. Bawana kuwa ya durƙusa a gaban malaminsa yana ta ba da haƙuri, dattijon ya ce ya tashi ya daina ɓata masa lokaci, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Ba mu tsaya Makarfi ba, Likoro muka wuce kai tsaye. Mika'ilu ya tsaya a zaure wurin mahaifinsa, ni na shige cikin gida a guje. Gwaggo Uwaliya tana tsakar gida tana sheƙar dawa.

Na ce, "Gwaggo, albishirinki! Bawana ya kayar da 'yan kwat kaf! Gurbi ɗaya ne a duk jami'a, shi aka ba!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, madalla. Kai ka ci abinci kuwa?"

Na ce ban ci ba. Ta ci gaba da sheƙa, amma dawar tana zuba a ƙasa, ba a cikin ƙwarya ba, kaji suka taru a ƙafarta ba ta kore su ba. Ta ɗan jima a haka, sannan ta ce, tana kallon faifanta, "Jumare, leƙa ta kan katangar nan ka gaya wa maƙwabciyata Zinariya. Ita tana da murya."

Na taka turmi na leƙa na faɗa. Zinariya ta saki muciya, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, gida na gaba ya karɓa, na gaba da shi ma ya karɓa, har ta zagaye unguwar ta fita bakin kasuwa. Gwaggo ta juya mana baya ta tsaya cak da faifai a hannu, kafaɗunta suna rawa, tana saurare har guɗar ƙarshe ta ɗauke.